Ambulan na Ashirin

Asabar, 1 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Na sayi wannan littafi ne don in dinga rubuta awon hawan jinina safe da yamma, haka likita ya ce. Ga shi na fara da ƙafar wani.

Na je gidan Yaya Dancho in ɗaura masa zaren Maris, ja da fari, na fatan lafiya a al'adarmu ta nan Bulgeriya, kamar yadda nake yi kowace shekara tun ina 'yar makaranta. Na tarar da shi ya ɗora ƙafar dama a kan kujera, an naɗe ta da tsohon tawul. Wai takalmi ne ya cije shi. Matarsa Ginka tana tsaye a bayansa tana ƙyafta mini ido, sai na kwance tawul ɗin. Gyambo ne a ƙarƙashin babban yatsa, faɗinsa ya kai kwandalar leva biyu ta kuɗinmu, bakinsa ya yi fari. Sati shida yana ɓoye shi. Mai ciwon suga, ƙanwarsa kuma shekara ashirin da shida tana wankin gyambo a asibiti!

Na ce, "Yaya, kai ko kunya ba ka ji?"

Ya ce, "Nevena, in na nuna miki za ki hana ni tuƙi. Wa zai kai tsofaffin kan dutse kasuwa, ke?"

Shekara talatin da ɗaya yana jan bas tsakanin gari da ƙauyukan kan dutse. Da wannan ƙafar yake taka birki. Da ita ya biya mini makarantar jinya bayan rasuwar Baba. Na zazzage shi da faɗa har Ginka ta shiga tsakani, shi kuwa yana ta dariya. Ya ce in ɗaura zaren a jikin bandejin, tunda ƙafar ce ke neman lafiya ba hannun ba. Na ɗaura. Ya ce ba zai cire ba sai ya ga shamuwa, kamar kowa.

Hawan jini ban auna ba.

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Hutu ne yau, amma na shiga asibiti. Ɗakin gyambo ba kowa sai ni da kabad.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai huce. Tun kaka muke gwajin wani sabon man shafawa, rawaya, mai warin kwalta. Mutum ashirin da huɗu kacal aka ba mu, don garinmu ƙarami ne. Rabi za a shafa musu sabon, rabi a yi musu wanki da bandeji irin na da. Ba ni ke zaɓa ba, ba Dakta Rusanov ke zaɓa ba. Wata yarinya mai lissafi a babban birninmu Sofiya, Desi, ita ta aiko da ambulan ashirin da huɗu a manne, kowanne da lambarsa. Majinyaci ya sa hannu, a buɗe na gaba, a ciki akwai kati: sabo ko tsoho. Dakta ya ce ranar farko, "Sista, in muka zaɓa da hannunmu, za mu ba wanda muke tausayi, ko wanda muka ga zai warke, ƙarshe mu yaudari kanmu. Shi ya sa aka bar wa kuri'a."

To amma ni ke riƙe da rajista, kuma ina da ido. Huɗun farko: sabo, tsoho, tsoho, sabo. Huɗu na biyu: tsoho, tsoho, sabo, sabo. Haka har sha shida, kowane huɗu biyu da biyu ne. An yi haka ne don kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, tunda mutanen ba su da yawa. Wayo ne, na yarda. Sai dai wayon yana da ƙofa.

Sha bakwai tsoho. Sha takwas sabo. Sha tara tsoho. Ke nan na ashirin sabo ne.

Na rufe rajistar na sha kofi a tsaye.

Na ga abin da sabon man nan ya yi wa Inna Radka mai sayar da cuku. Sati uku gyambon ya haɗe. Na ga na wasu biyu. Dakta yana cewa mutum uku ba hujja ba ne. Shi takarda yake karantawa, ni nake kwance bandeji.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

Yaya ba zai samu zuwa ba sai gobe, sai an nemo wanda zai riƙe masa bas.

Da safe wani tsoho ya zo daga kan dutse, Kawu Zheko mai kiwon zuma. A bas ɗin Yaya ma ya sauko. Gyambo a diddige, takardunsa cif, sakamakon jininsa na makon jiya yana cikin fayil. Ya cire hula ya zauna ya ce, "'Yata, an ce kuna da wata caca da ake bugawa da ƙafa. Ga tawa na kawo."

Dakta yana ɗakin tiyata. Na ce wa Kawu jinin da aka ɗiba ya daskare a kwalba, sai an sake, ya dawo jibi. Ya naɗe hannun riga ya miƙo mini ba musu. Me zai hana shi yarda? Har godiya ya yi mini, wai hannuna ba zafi.

Hawan jini ban auna ba.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Yaya ya zo da wankakkiyar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ce wa Dakta, "Yayana ne fa, ko akwai matsala?" Dakta ya ce, "A garin nan wa ba ɗan'uwan wani ba ne? Ambulan bai san dangi ba, Sista." Shi da kansa ya yage bakin ambulan ɗin, ni ina can jikin taga ina gyara almakashi waɗanda ba su buƙatar gyara.

"Sabo," in ji Dakta.

Yaya ya buga cinya. "Kai! Shekara talatin ina sayen tikitin caca ban taɓa cin ko ashana ba. Ginka, kin gani? Sa'ata a ƙafa take."

Ni na shafa masa da hannuna. Na yi murna, ba zan yi wa littafina ƙarya ba. Na yi murna har cikin raina.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe 12 na rana

Kawu Zheko, ashirin da ɗaya. Tsoho. Ya ce ba laifi, shi bai taɓa raina abin da ya saba da shi ba.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Gyambon Yaya ya yi kyau. Na auna da abin awo, ya ragu kaɗan, ko kuma ni ce nake son ya ragu. Ginka ta aiko mini da banitsa mai zafi, gashin fulawa da cuku, na raba wa 'yan ɗaki.

Kawu Zheko yana zuwa Talata da Juma'a. Ina yi masa wanki sau biyu a maimakon ɗaya, ina daɗewa a kan ƙafarsa har Sista Petya, abokiyar aikina, ta ce, "Ke Nevena, tsohon nan aurensa za ki yi ne? Layi fa ya kai ƙofa." Na ce ta kula da nata aikin.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe 10 na safe

Gefen gyambon Yaya ya yi ja. Wataƙila bandejin ne ya matse.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Ba bandejin ba ne.

Jan ya hau har bayan ƙafa, wurin da zafi, kuma akwai wari a ƙarƙashin warin kwaltar. Na san warin nan. Shekara ashirin da shida, ko da ido a rufe na san shi. Na zana iyakar jan da biro don mu ga ko zai wuce. Yaya ya ce, "Taswirar ina kike zanawa, Girka ko Turkiyya?" Ban yi dariya ba, sai shi ma ya bari.

Dakta ya duba ya rubuta allura. Ya ce a ci gaba da man kwana biyu a gani. Na ce a tsaida. Ya ce, "Sista, ke ce kike yabonsa tun kaka." Na ce a tsaida, na ɗaga murya a gaban majinyata, abin da ban taɓa yi ba. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce to, a tsaida.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe 6 na safe

Jan ya wuce biro. Zazzaɓi. An ba shi gado a hawa na biyu.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

Kowa magana ɗaya yake yi mini. Petya ta kawo mini shayi ta ce, "Kada ki ɗora wa kanki, kuri'a ce." Dakta ya dafa kafaɗata a baranda, "Ba wanda ya zaɓa, Sista, amfanin tsarin ke nan, ba mai laifi." Hatta mai shara ta ce mini rabo ne.

Kuri'a ce. Kuri'a ce. In na sake jin kalmar nan zan fasa wani abu.

Na shiga coci a hanyar gida jiya na kunna kyandir. Sai na fito.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Kawu Zheko ya zo. Naman diddigensa ya taso ja-ja mai kyau, irin wanda muke nema. Ya ce, "Ina direbanmu? Sabon yaron nan da aka ba bas yana juya mu kamar dankali a buhu." Na ce yana sama a kwance. Ya ce, "Af, ba shi ne ya ci sabon maganin ba? Ranar nan har na ɗan ji haushi, na ce dubi, da na zo da jini mai kyau da ni ne. Ashe jinina gata ya yi mini."

Na ce ya daina motsi ina aiki.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Hoto ya fito. Ciwon ya taɓa ƙashi.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Desi mai lissafi ta zo daga Sofiya saboda rahoton Yaya. Na zaci babbar mace ce. Ashe 'yar siririya ce da jakar goyo, ba ta wuce sa'ar 'yata ba, tana ce mini Anti. Ta zauna da rajista da fayiloli tana cin biskit.

Na kasa haƙuri na tambaye ta, "Man ne ya yi masa haka?"

Ta ajiye biskit ɗin. "Anti, a masu tsoho mutum biyu sun lalace. A masu sabo mutum ɗaya, yayanki. Kusan goma-goma ne fa a kowane gefe. Da irin wannan adadi ba zan iya ce miki eh ba, ba zan iya ce miki a'a ba."

"To wa zai iya?"

"A kan mutum ɗaya? Babu. Sai dai a mayar da shi ranar biyar ga wata a ba shi ɗaya katin a gani."

Na ce mata karatunta ba shi da amfani ke nan. Ba ta yi fushi ba. Ta ce amfaninsa ɗaya ne: tunda ba hannun kowa a rabon, in an haɗa namu da na wasu garuruwa, wata rana za a san gaskiya. Ta ce amma in mutum ɗaya tak aka sa shi da hannu, duk ashirin da huɗun sun zama shara, da tafiyar da tsofaffin nan suka sha tun kaka.

Sai ta ɗora yatsa a rajista. "Wannan na ashirin da ɗaya, ya zo ranar huɗu, aka shigar da shi ranar shida. Na ashirin kuma ya zo ranar biyar."

"Jini ne ya daskare."

"Akwai takardar ɗakin gwaji?"

"Zan nemo."

Ta dube ni, ta dubi sunan da ke layi na ashirin. Sunan mahaifinmu ɗaya, a rubuce yake ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigata. Ta rufe rajistar ta ce za ta kira.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe 6 na safe

Babu takarda. Ta ina za a samu takarda?

In na faɗa, aikina ya tafi, wannan ban damu ba, wallahi ban damu ba. Amma Inna Radka da sauran, wata shida suna hawa bas cikin ƙanƙara. In na yi shiru, sun sha wahala a kan abin da ya riga ya ruɓe ba su sani ba. Ta nan bango, ta can bango. Kuma duk wanda na zaɓa, ƙafar ba za ta san na zaɓa ba.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Likitan tiyata ya zo ya duba. Ya ce a ba allura kwana huɗu, in ba ta ja da baya ba, ya san abin da zai yi. Bai faɗi kalmar ba, ni ma ba zan rubuta ta ba.

Ginka ta kama ni a matakala tana kuka. "Nevena, ke ce kika san su, ki roƙe su. Mutumin nan in ba sitiyari a hannunsa mutuwa zai yi a zaune." Na ce ina roƙo. Ta ce, "Da ma katin tsohon maganin ne ya faɗo masa." Sai ta toshe bakinta ta ce in yafe mata, ta san ba ruwana.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Na yini gefen gadonsa. Ya rame, amma bakin nan yana nan. Yana koya wa maƙwabcin gadonsa yadda ake sauko da bas daga kan dutse in hanya ta yi santsi: ba a danne birki, taɓawa ake yi a saki, taɓawa a saki. Ina kallon bargon, ƙafar tana motsi a ƙarƙashi tana yi.

Duk canjin bandeji sai ya ce a mayar masa da zarensa. Farin ya koma ruwan ƙasa.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe 12 na rana

Desi ta kira. Na ɗauka a tsaye, na riga na shirya maganata tun jiya, na ce yau dai a gama.

Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Anti, ki bar neman takardar nan. Na kira ɗakin gwajinku, sun ce ba kullum suke rubuta jinin da ya daskare ba, aiki ya yi musu yawa. Na rufe maganar." Ta ƙara da cewa, "Laifina ne ma da na jera su huɗu-huɗu. A gwaji na gaba zan cakuɗa. Yaya mai jiki?"

Na ce da sauƙi.

Ban sani ba ko ta yarda ne ko tausayina ta ji. Na zauna a kan kujerar majinyata na daɗe. Ko mai kama ni ma babu.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana

An sallami Kawu Zheko. Ya warke sarai, har ya taka mini rawa a tsakar ɗaki da sandarsa. Ya ajiye kwalbar zuma a kan tebur, babba. "Ta furen kan dutse ce, 'yata, ba ta kasuwa ba. Rabi naki, rabi ki kai wa direba. Ban taɓa ganin ma'aikaciya mai kula da mutum irinki ba."

Petya tana ta tafi. Na shiga banɗaki na kulle.

Gobe ƙarfe takwas za a shiga da Yaya tiyata.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe 1 na rana

Ƙafar ta tafi, daga ƙasa da gwiwa.

Juma'a, 4 ga Afrilu, ƙarfe 6 na safe

Yau zan gaya masa. Ba Dakta ba, ba Desi ba, shi. Ƙafarsa ce, shi ke da hakkin ya sani. In ya tsine mini ya tsine, ya fi mini wannan.

Na auna: ɗari da saba'in a kan ɗari. Karo na farko ke nan da na rubuta abin da aka sayi littafin dominsa.

Juma'a, ƙarfe 5 na yamma

Na je da miyar kaza da zumar Kawu. Ginka ta tafi gida wanka, maƙwabcin gado yana barci. Na ja kujera na zauna, na ce, "Yaya, akwai maganar da zan yi maka."

Ya ce, "Tsaya tukuna, dubi can." Ta taga, a kan bututun hayaƙin tsohuwar masaƙa, shamuwa biyu suna gyaran sheƙa. Ya zaro zaren daga ƙarƙashin matashi. Ashe ya roƙi masu tiyata su cire masa kafin su fara. Ya ce in ɗaura masa a itacen da ke fure a tsakar asibiti, kamar yadda ake yi in an ga shamuwa, tunda shi ba zai iya sauka ba.

Na karɓa. Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Na san abin da za ki ce, kuma ba na so. Kina ta yawo da fuska kamar ke kika riƙe wuƙar. Saurara, Nevena. Kwana biyu ina kwance ina neman wanda zan tsana. Na nemi Dakta, ba shi ya zaɓa ba. Na nemi yarinyar Sofiya, ba ta taɓa ganina ba. Wallahi da mutum ne ya dube ni ya ce wannan za a shafa wa Dancho, da har in mutu ina ganin fuskarsa, da baƙin ciki ya kashe ni kafin suga. Amma takarda ce. Wa zai yi fushi da takarda? Da na gane haka jiya, sai barci ya ɗauke ni, na farko tun da aka kawo ni." Ya kama hannuna, zaren yana ciki. "Ki bar mini wannan, shi kaɗai ya rage mini. To me za ki ce?"

Na ce miyar za ta huce.

Ya sha cokali uku. Ya ce, "Kuri'a ce, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, Yaya. Kuri'a ce."